Wandon da Okbun Ta Ɗinka a Watan Ƙari

Sau ɗaya aka taɓa kayar da Bang Okbun a faɗan baki, kuma matar mahauci ce ta kayar da ita, a kasuwar nama ta Majang, da hantsi, gaban 'yan dako da masu wankin hanji.

A lokacin shekarunta ashirin da ɗaya, ita ke ɗinka kayan wasa ga wata ƙungiyar wasan waƙa a Seoul wadda mata zalla ke cikinta. Sarki mace, barde mace, ɓarawon doki ma mace. Mai fitowa a matsayin yarima ita ce Tak Malsun, doguwa siririya mai murya kamar daga cikin randa. In ta ɗaga gira ɗaya a kan dandamali, matan aure sai su manta sun bar tukunya a kan wuta. Wasu suna aiko mata da wasiƙa, wasu da safar da suka saƙa. Matar mahauci ba ta iya rubutu ba, don haka kowace Asabar sai ta aiko da haƙarƙarin sa a naɗe cikin jarida.

Wata bakwai Okbun tana haƙuri. A na takwas ta jefa almakashi cikin jaka ta hau bas.

"Ke ce mai aika wa mutane nama?"

"Ni ce. Ya yi tauri ne?"

"Wadda kike aika wa tana da mai dafa mata. Ki riƙe namanki."

Matar ta ajiye wuƙa, ta goge hannu a gaban rigarta, ta bi Okbun da kallo tun daga takalmi har kumatu. A kumatun ta tsaya.

"Yarinya, shekaranjiya na ga yarimana a dandamali, har yanzu yana nan kamar tsinken cin abinci. Wata bakwai ina aika haƙarƙari ina mamakin ina yake tafiya. Yau na gani."

'Yan dako suka fashe da dariya. Okbun ta zaro almakashi, ita kanta ba ta san me za ta yi da shi ba.

"Mayar da shi, 'yar nan, wuƙa goma sha biyu gare ni a kan teburin nan kuma kowace ta fi naki kaifi. Ungo." Ta cusa mata wutsiyar sa a hannu. "Ki dafa ta yi laushi. Ki rage masa ko romo ne."

Haka Okbun ta dawo gida da wutsiya a hammata. Tak ta yi dariya har ta zame daga kan kujera. Sun cinye wutsiyar a kwana biyu, kuma in za a faɗi gaskiya Okbun ce ta ci kashi biyu cikin uku.

Daga wani ƙauyen kudu Okbun ta zo, tana shekara goma sha biyar, da ƙullin kaya da sunan wata gwaggo wadda da ta iso ta tarar ta rasu tun bara. Ta share shagon tela, ta ɗora maɓalli, ta koyi yanka ta hanyar leƙe. Ranar da aka aike ta kai wa ƙungiyar wasa rigunan fada, ta tarar da yarima zaune a bayan labule, gemun ƙarya a hannu ɗaya, dafaffen dankali a ɗayan, wandon ya yage daga gindi har gwiwa. Okbun ta ce, "Tashi in ɗinke." Tak ta ce, "In na tashi asirin masarauta zai tonu." A zaune ta ɗinke mata shi. Ba ta koma shagon tela ba.

Mu a wancan zamani ba mu da dogayen sunayen nan da yaran yanzu ke rubutawa a kwali suna zagaya gari da su. Kashi biyu ne kawai, 'yan wando da 'yan siket. 'Yan wando su aske kai, su sa kwat, su kira juna Yaya, su yi ta gardama a kan wa ya girmi wa da wata uku. 'Yan siket mu yi girki, mu riƙe makullin gida, mu bar su suna jin su ne manya. Tak 'yar wando ce tun daga ƙashi. Okbun na kiranta Maigida in tana so ta ja ta da wasa, in kuma ranta ya ɓaci ta kira ta da cikakken sunanta kamar malamar firamare. Tak kuwa har ta mutu Tela take kiranta.

Talabijin ce ta kashe wasan. Mutane suka zauna a gida suna kallon maza na gaske suna yin yarima, ba su ko iya ɗaga gira ba. Aka sayar da ganguna, aka raba riguna. Tak ta koyi tuƙi ta kama tasi, kamar yawancin 'yan wandon da na sani, don aiki ne da ba wanda zai ce miki ki sa jan baki. Suka kama ɗaki ɗaya da kicin a kan tudun Changsin, inda kowace ƙofa ƙarar keken ɗinki ke fitowa daga bayanta. Sun yi hoton aure a wani shagon hoto, da rigunan da suka rage musu na wasa. Mai hoton ya ɗauka tallar wasan kwaikwayo ce, har ya ce ango ya ƙara matsawa kusa don abin ya yi kama da gaske. Hoton bai taɓa hawa bango ba. Yana cikin akwatin zare, ƙarƙashin maɓallai.

Ga maigidan haya, Okbun mai taya Tak biyan ɗaki ce. Ga ma'aikacin ƙidaya, 'yar garinsu ce. Ga matan unguwa, maƙwabciya ce da zama ya yi daɗi. Duk takardar da aka miƙo, duk mai hular da ya tsaya a ƙofa, bakinta na da amsa a shirye tun kafin a gama tambaya. Da haka suka zauna lafiya shekara hamsin da wani abu, ba wanda ya jefe su da dutse, ba wanda ya kore su daga gida. Mun ɗauka wayo ne. Dukanmu haka muke yi.

Sana'arta ta gaske ba ta da allo a ƙofa. Duk 'yar wandon da ta taɓa shiga shagon telan maza ta san abin da ake ji lokacin da telan ya zagaya awo a ƙirjinta, yaransa na ƙunshe dariya. Okbun ba ta taɓa ɗora wa kowa awo a ƙirji ba. Za ta ce ki zuba wa kanki shayi, ki miƙo mata almakashi daga kan kanta, ki sunkuya ki ɗauko allura, kafin ki zauna ta gama aunawa da ido. Tana faɗaɗa kafaɗa kaɗan, ta sa wa gaban kwat ɗin shafi mai tauri wanda ita kaɗai ta san inda take samowa, sai ya sauka sumul. Kafin ita, mutanenmu da ƙyalle suke ɗaure ƙirji, da zafi fata ta yi ta ƙuraje har ta tsage. Akwai wadda ta sa kwat ɗin Okbun, ta ja numfashi har ƙasan ciki karo na farko a titi, ta zauna a kan matakala ta yi kuka. Okbun ta leƙo ta ce, "In za ki yi kuka cire shi, ban gama guga ba."

Lahadin farko na kowane wata mukan hau dutsen bayan gari da tukwane da giyar shinkafa. A shekarunmu masu kyau mun kai mu sittin. 'Yan wando su jeru suna duba wuyan kwat ɗin juna, alhali duk hannu ɗaya ya ɗinka. In an ci an sha sai a matsa wa Tak, ta yi ta ƙi har sau uku don a roƙe ta, sannan ta miƙe da ludayi a matsayin takobi ta rera bankwanan yarima da gimbiya. Okbun na wanke kwanuka tana cewa, "Ku dube ta, haya ba ta iya tunawa, amma baiti arba'in ba ta manta ko ɗaya ba." Sai dai hannunta kan tsaya cikin ruwan har a gama waƙar.

Daga baya hawan dutse ya gagari gwiwoyi. Muka koma haɗuwa a gidan miya, daga nan kuma muka tarar mun fi haɗuwa a gidan makoki.

Jana'izar Yaya Pyo ce ta canza Tak. Pyo Gapsun ita ce babbar 'yan wando, mace mai wuya kamar na sa, wadda ta taɓa fito da fasinja ta tagar mota saboda ya taɓa mata cinya. Da ta rasu 'ya'yan 'yar'uwarta suka karɓi gawa. A rana ta biyu, lokacin da ake kiran mutane su tsaya bayan gilashi su ga an shirya mamaci kafin a rufe akwati, aka bar mu muka leƙa daga baya. Sun sa mata likkafanin mata, doguwar siket har ƙafa, sun shafa mata hoda da jan baki. Hoton da suka ɗora a zauren gaisuwa kuwa na makarantar sakandare ne, wata yarinya mai kitso biyu da ba ɗayanmu ta taɓa gani. Mun yi mata sujadar gaisuwa, ga baƙuwa.

Muna cikin bas ɗin komawa har muka wuce tasha tara. Sannan Tak ta ce, tana kallon taga, "Tela."

"Na'am."

"Kada ki bari."

"Wa ya ce ke za ki riga ni? Mugaye ba sa mutuwa da wuri."

"Ba wasa nake ba."

"Na ji," in ji Okbun.

Shekarar da ta biyo tana da watan ƙari, watan nan da kalandar wata ke ƙarowa bayan shekara biyu ko uku, wanda tsofaffi ke cewa aljanu da kakanni duk suna hutu, ba mai lura da abin da mutum ke yi. A cikinsa ake ɗinka likkafani tun mai shi na da rai, wai yana ƙara tsawon kwana. Okbun ta je kasuwa da kanta ta zaɓo yadin rama mai ruwan ƙasa, ta murza, ta sansana, ta zagi masu shago uku kafin ta saya a na huɗu. Ta yanka cikakken na maza: wando, riga, babbar riga ta sama, ɗamara, safa. Da hannu ake ɗinka shi, ba a ƙulla bakin zare, ba a mayar da allura baya, in zare ya ƙare ba a haɗa shi da wani, don kada mamaci ya sarƙe a hanya. Matar da ta shekara hamsin tana ƙulla zare sau biyu don kada a dawo mata da aiki, sai ga ta tana ɗinkin da ja ɗaya zai warware. Ta ce shi ne aiki mafi wuya da ta taɓa yi.

Muka taru a ɗakinsu ranar da ta gama, da waina da giya, kamar yadda ake yi. Tak ta gwada, ta tsaya gaban madubi tana juyi.

"Ba aljihu?"

"Me za ki saka?"

"Sigari."

"Can za a ba ki wuta kyauta, sai ki roƙi kara ɗaya."

"Ƙafar ta yi tsawo."

"A kwance za ki sa shi, Maigida. Ba rawa za ki je ba."

Tak ta ɗaga gira, irin ta dā, duk da girar ta yi fari. Muka yi tafi. Aka naɗe kayan cikin takarda da ganyen taba saboda asu, aka sa a akwatin katako a saman kabad. Wata daga cikinmu mai ɗan ilimi ta ce a je wurin lauya a rubuta, a sa hannu, cewa Okbun ce mai magana a kan gawar. Duk suka ce to. Amma zuwa wurin lauya na nufin zama gaban wani saurayi mai taye, a buɗe baki a faɗa masa ko su wane ne su ga juna. Suka ce bayan sanyi. Bayan sanyi suka ce bayan damina. Shekara goma sha ɗaya akwatin na saman kabad.

Tak ta faɗi ne da safe, tana ɗaure igiyar takalmi, tana da shekara tamanin da ɗaya. A asibiti wata nas mai takarda a hannu ta tambayi Okbun, cikin sauri, ba da wata manufa ba, "Ke mece ce ɗinta, Kaka?"

"Maƙwabciya," in ji Okbun.

Kalmar ta fita kafin ta ji ta. Nas ta rubuta, ta wuce. Suka bincika rajista suka samo dangi: ƙane ɗaya, Tak Dusik, tsohon ma'aikacin gidan waya a wani gari na kudu, wanda rabonsa da yayarsa tun jana'izar uwarsu. Daga ranar shi likita ke kira. Maƙwabciya tana da rabin sa'a da rana, in dangi sun yarda. Dusik ya yarda, ba mugu ba ne, har godiya ya yi mata da ta kula da yayarsa. Kwana goma sha ɗaya Okbun na zuwa da kunun shinkafa da ba mai iya sha, ta zauna ta gyara wa Tak wuyan rigar asibiti, wanda a cewarta wanda ya yanka shi bai taɓa ganin mutum ba. Rana ta goma sha biyu tana cikin bas da kwanon a cinya Tak ta cika. Da ta iso an riga an canza zanen gado.

A allon ƙofar zauren makoki an rubuta sunan Dusik, da na matarsa, da na 'ya'yansu uku, har da surukin da bai taɓa ganin Tak ba. Okbun ta karanta allon sau biyu, ta cire takalmi, ta shiga ta fara raba miya ga baƙi, don ba ta san inda za ta tsaya ba. Mu bakwai muka rage. 'Yan wando huɗu suka zauna a jere a teburin ƙarshe cikin kwat ɗin da ta ɗinka musu, duk sun yi musu yawa yanzu.

Washegari da hantsi, sa'a ɗaya kafin a shirya gawa, ta zo da akwatin katako a goye a baya da ɗaurin zane, kamar jariri. A ƙaramin ofishin gidan makokin ta tarar da Dusik da matarsa da mai wankan gawa, wata mata mai farin safar hannu. A kan tebur ga likkafanin da suka zaɓa daga littafin hotuna, na mata, siket ɗin a ninke a sama.

Okbun ta sauke akwatin, ta buɗe. Ƙamshin taba ya cika ɗakin. Mai wankan ta taɓa bakin ɗinkin da yatsa, ta juya shi, ta dubi Okbun.

"Ita ta ce a sa mata wannan," in ji Okbun. "Ta gwada shi da ranta. Mutum shida a waje sun gani."

"Baiwar Allah, mun gode da wahalarki," in ji Dusik. "Amma wannan na maza ne."

"Nata ne."

"Akwai takarda?" matarsa ta tambaya.

Babu takarda. Mai wankan ta ce a hankali, ita ba ta da zaɓi, wanda ya sa hannu a karɓar gawa shi ke da magana.

Abin da ya biyo baya ban so ganinsa ba, ina tsaye a bakin ƙofa. Bang Okbun, wadda ba ta taɓa cewa don Allah ga mai kayan miya ba, ta dafa tebur ta sauka a kan gwiwoyin nan nata da ba sa lanƙwasuwa, ta sa goshi a ƙasa gaban mutumin da ta girma da shekara biyar. Ta ce ba ta neman suna a allo. Ba ta neman tokar gawar in an ƙone ta, su kai ta duk inda suke so, ba sai sun gaya mata wurin ba. Ɗakin da abin da ke cikinsa su ɗauka. Wando kawai.

Dusik ya rikice, ya kama hannunta yana ɗagawa. Idonsa ya kawo ruwa, kuma na yarda na gaske ne.

"Ki tashi, don Allah ki tashi. Ki fahimce ni. Innarmu har ta rufe ido tana cewa a dawo mata da 'yarta. Shekara sittin muna jin kunyar mutane, ana tambayarmu ina yayarku, mu ce tana Seoul tana aiki. Yanzu 'ya'yana da surukaina za su tsaya bayan gilashin nan. Ta yi rayuwarta yadda ta so, ba mu hana ta ba. Sau ɗaya dai, rana ɗaya, ta je wurin iyayenmu a matsayin 'ya mace. Me zai rage mata? Ba ta ma san ana yi ba."

Okbun ta miƙe da kanta, ta ture hannunsa. Ta kakkaɓe gwiwa, ta ɗauki siket ɗin daga kan tebur, ta warware shi, ta duba ɗinkin kamar mai shirin rage kuɗi, sannan ta ɗora masa a hannu. Abin da ta faɗa shi ya rufe maganar. Bayansa Dusik ya ajiye siket ɗin a kan kujera ya fita waje, ba wanda ya sake ɗaga shi, mai wankan kuwa ta rungumi akwatin katako ta shiga ciki da shi. Ga abin da Okbun ta ce:

"Ungo, ƙanin miji. Kana shekara tara ranar da ubanku da kawunanka biyu suka danne ta a tsakar gida za su sa mata irin wannan. Kana kan katanga kana kallo, ta gaya mini. Maza uku, ba su iya ba, ubanku da giɓi ya mutu. Kai ka fi su dabara, ka jira shekara sittin da huɗu. To ga ta can a kwance, hannu a ɗaure. Kada ka aiki ma'aikaciya. Shiga da kanka ka sa mata, yau ba za ta rama ba."